Mu karanci dokar ciniki kafin mu ƙetare iyaka

Jama'a manoma da makiyaya, mu mutanen Dakwaro mun san hanyar kudu. Raguna da awaki da shanun da ake tarawa daga Barmo da Sakabal da Kornaka suna gangarawa Maraɗi. Daga can sai Ɗan Isa, sai Jibiya, sai Katsina da Kano. Wakenmu ma wannan hanya yake bi. Daga kudu kuma muke samun masara, da takin zamani, da maganin ƙwari, da tufafi. Amma mutum nawa ne a cikinmu ya san dokar da ke bisa wannan hanya? Ra'ayinmu shi ne, ya kamata dokar cinikin ƙetare ta shiga cikin darussan yaƙi da jahilci, kamar yadda lissafi ya shiga.

Ga dalili. A wani aji da muke zagayawa, wani magidanci ya ba mu labarinsa. Ya kai buhunan wake hayin iyaka, ya bayar bashi ta hannun dillali. Ba a rubuta komai ba. Ba a faɗi ranar biya ba, ba a kuma faɗi ko da sefa za a biya ko da naira ba. Wannan ya faru a 2023, shekarar da darajar naira ta faɗi ƙwarai. Da aka biya shi bayan watanni, kuɗin da ya canza bai kai abin da ya kashe a gona ba. Babu wanda ya sace masa ko dala. Rashin takarda ne ya cinye guminsa.

To, waɗanne dokoki ne suka shafe mu?

Na farko, dokokin CEDEAO, wadda maƙwabtanmu ke kira ECOWAS. An kafa ta a Legas a 1975. A 1979 ta ba ɗan ƙasashenta damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. A 1998 ta fitar da takardar shaidar ƙetare iyaka da garke, wadda ke nuna yawan dabbobi, da allurar rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za su bi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga wannan ƙungiya ranar 29 ga Janairun 2025, bayan sun kafa tasu ƙawancen mai suna AES. A wannan rana CEDEAO ta nemi ƙasashenta su ci gaba da barin mutane da kayan ƙasashen uku su wuce kamar da, har sai an cimma sabuwar shawara.

Na biyu, dokokin UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashe 8 masu amfani da sefa, wadda aka kafa a Dakar a 1994. A tsarinta, amfanin gona da dabbobin da aka samar a wata ƙasar ƙungiyar suna shiga sauran ba tare da kuɗin duwan ba. Amma mu lura, Nijeriya ba ta cikin UEMOA.

Na uku, dokokin OHADA, waɗanda suka haɗa ƙasashen Afirka 17 bisa tsarin kasuwanci guda tun yarjejeniyar 1993. Nijar na ciki, Nijeriya ba ta ciki. A dokarta ta 2010, mutum 5 sun isa su kafa ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa mai rajista, wadda za ta iya sayarwa da sunanta.

Wani zai ce, tunda mun fita daga CEDEAO, mene ne amfanin wannan karatu? Amsarmu ita ce, lokacin da doka ke canzawa shi ne lokacin da aka fi bukatar saninta. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a 2024. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar sun hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, gab da babbar salla, aka dakatar da fitar da dabbobi. Duk wanda ya ɗora kaya a mota ba tare da ya san irin wannan sanarwa ba, yana iya rasa kayan da kuɗin motar baki ɗaya.

Wani kuma zai ce doka aikin manyan alhazai ne da lauyoyi. Ai babban ɗan kasuwa yana da mai karanta masa takardu. Mai rago biyar ne ba ya da kowa sai idonsa. Shi ya fi kowa bukatar ya iya bambanta harajin da doka ta sa da kuɗin da ake karɓa ba takarda.

Batun ya shafi lafiyarmu ma. Dabbar da ba a yi wa allura ba tana iya kai ciwon huhu cikin garken wasu, ko ta ɗauko shi ta kawo gida. Maganin ƙwari da maganin mutane da ake shigowa da su ta bayan fage, wasu lokacinsu ya wuce, wasu kuma jabu ne. Wanda ya iya karatu zai duba kwanan watan da ke jikin kwalba kafin ya biya.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara:

1. Kafin tafiya, mu tambayi ofishin duwan ko ma'aikatar kasuwanci ko an yarda a fitar da kayan a wannan lokaci.
2. Mu riƙe katin shaidar ɗan ƙasa, da takardar allurar dabbobi daga malamin dabbobi.
3. Duk kuɗin da muka biya a hanya, mu nemi takardar shaidar biya, mu karanta adadin da aka rubuta.
4. In za mu ba da bashi, mu rubuta yawan kaya, da farashi, da irin kuɗin, da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu.
5. Mu haɗu cikin ƙungiya, domin kayan mutum ashirin a mota ɗaya sun fi na mutum ɗaya ƙarfi wajen ciniki.

Ga malaman azuzuwa kuma, muna roƙon ku kawo irin waɗannan takardu cikin aji, a karanta su layi layi. Muna roƙon hukuma ta fassara sanarwoyin ciniki da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a kuma karanta su a gidajen rediyon karkara.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mun sha wahala mun koyi baƙi da wasali. Yanzu sai mu sa su su tsare mana dukiyarmu. Allah ya sa albarka a noma da kiwo da kasuwa.