Ƙungiyoyin agaji da manufofin gwamnatoci: Darasin yafe bashin 2005

A ranar 16 ga Mayun 1998, mutane kimanin dubu 70 suka riƙe hannun juna suka yi zobe a tsakiyar birnin Birmingham na Ingila, inda shugabannin ƙasashe takwas mafiya ƙarfin tattalin arziki suke taronsu na shekara. Akasarinsu mabiya majami'u ne da ma'aikatan sa-kai na ƙungiyoyin agaji da ɗalibai, kuma buƙata ɗaya ce ta fito da su: a yafe wa ƙasashe matalauta basukan da ba za su iya biya ba kafin shekara ta 2000. A wannan rana shugabannin sun keɓe a wani gidan hutu da ke wajen gari, amma girman taron ya sa Firaministan Birtaniya, Tony Blair, ya dawo ya gana da jagororin gangamin. Shekara bakwai bayan haka, Najeriya ta samu sassaucin bashi mafi girma a tarihinta. Akwai alaƙa tsakanin waɗannan abubuwa biyu, kuma ya kamata a fahimce ta yanzu da bashi ya sake taruwa, tallafin waje kuma yake ƙafewa.

Gangamin Jubilee 2000, wanda Ann Pettifor ta jagoranta a Birtaniya, haɗakar ƙungiyoyin agaji ne irin su Christian Aid da CAFOD da Tearfund da Oxfam, tare da ƙungiyoyin ƙwadago da na addinai. Ya samo sunansa daga shekarar yafe basuka da aka ambata a Attaura, manufar da ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, domin Suratul Baƙara ta yi umarni da jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci, ta kuma fifita yafe masa. Gangamin ya tara sa-hannun mutane sama da miliyan 20 daga ƙasashe daban-daban. A taron Kolon na Jamus a 1999, manyan ƙasashe suka amince a faɗaɗa shirin sassauta wa ƙasashe matalauta bashi, wanda Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya suka ƙirƙiro a 1996. A 2005 gangamin Make Poverty History ya ɗora daga nan, ya fito da mutane sama da dubu 200 a Edinburgh kwanaki kaɗan kafin taron Gleneagles, inda aka tabbatar da soke basukan da ƙasashe matalauta da dama suka ci daga manyan cibiyoyin lamuni na duniya.

Najeriya ba ta cikin jerin waɗannan ƙasashe, saboda ana kallonta a matsayin mai arzikin man fetur. Bashin da Kulob ɗin Paris yake bin ta ya kai kimanin dala biliyan 30, kuma kaso mai yawa daga ciki ruwa ne da tara da suka taru a shekarun mulkin soja. Shugaba Olusegun Obasanjo ya shafe wa'adinsa na farko yana yawon neman sassauci ba tare da nasara ba. Abin da ya sauya a 2005 haɗuwar abubuwa ne da dama. Tawagar tattalin arziki ƙarƙashin ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta gabatar da shirin garambawul, ta kuma tara rarar kuɗin mai da za a iya biya da shi. Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin neman a dakatar da biyan bashin, abin da ya nuna wa masu bin bashi cewa haƙuri ya kusa ƙarewa. Wata cibiyar bincike mai zaman kanta a Washington, Center for Global Development, ta zayyana hanyar sayen ragowar bashin a farashi mai rahusa. Sannan Birtaniya, wadda ta fi kowa bin Najeriya bashi a cikin kulob ɗin, ita ce ke shugabancin taron manyan ƙasashe a shekarar, kuma jama'arta na kan titi suna neman a yi wa Afirka adalci. A watan Oktoban 2005 aka ƙulla yarjejeniya: an yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya kimanin biliyan 12, aka rufe littafin a watan Afrilun 2006.

Ƙungiyoyin agaji ba su zauna a teburin ciniki ba, ba su kuma sa hannu a takarda ba. Abin da suka yi shi ne sauya lissafin siyasa a ƙasashen masu bin bashi, har ya zama ƙin yafewa ya fi yafewar tsada ga ɗan siyasar da ke neman ƙuri'a. Wasu daga cikinsu ma sun soki yarjejeniyar, suna ganin bai dace ƙasar da ke fama da talauci ta miƙa wa attajiran ƙasashe dala biliyan 12 cikin 'yan watanni ba. Duk da haka, kimanin dala biliyan ɗaya da aka huta biya kowace shekara an karkatar da ita zuwa ayyukan muradun ƙarni, ta ofishin da Amina Mohammed ta shugabanta kafin ta zama Mataimakiyar Sakatare-Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Bashi misali ɗaya ne cikin da yawa. A 1992 ƙungiyoyi shida, ciki har da Handicap International da Human Rights Watch, suka ƙaddamar da gangamin hana nakiyoyin da ake binne wa mutane a ƙasa. Suna da abin da ma'aikatun tsaro ba su da shi: bayanan asibitocin da suke yanke ƙafafun manoma da yara a Kambodiya da Angola da Afganistan. Ministan harkokin wajen Kanada, Lloyd Axworthy, ya rungumi batun, kuma a watan Disamban 1997 ƙasashe sama da 120 suka sa hannu kan yarjejeniyar Ottawa. A fagen lafiya, Médecins Sans Frontières da Oxfam da ƙungiyar TAC ta Afirka ta Kudu suka tada ƙura kan farashin maganin cutar ƙanjamau, har kamfanonin magunguna 39 suka janye ƙarar da suka shigar da gwamnatin Afirka ta Kudu a watan Afrilun 2001. A watan Nuwamban shekarar, Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta fitar da sanarwar Doha, wadda ta tabbatar wa ƙasashe haƙƙin fifita lafiyar jama'a kan haƙƙin mallakar magani. Haka nan gangamin da Oxfam da Amnesty International suka fara a 2003 ya kai ga yarjejeniyar cinikin makamai ta 2013, wadda Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta amince da ita.

Wanda ya dubi waɗannan nasarori zai ga cewa hanyoyin tasirin ba su da yawa. Akwai shaida daga fage, wadda likita ko ma'aikacin agaji ke kawowa daga inda jami'in gwamnati bai taka ba. Akwai taron jama'a, wanda ke mayar da shaidar ta zama matsin lamba a mazaɓa. Akwai kuma ƙawance da wata gwamnati da ke shirye ta ɗauki batun zuwa zauren da ake yanke hukunci, kamar yadda Kanada ta yi a kan nakiyoyi, Birtaniya kuma a kan bashi. Inda ɗaya ya ɓace, gangami yakan tsaya a kan takarda, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai akwai wata hanya ta huɗu da ta bunƙasa a wannan ƙarni, wato kuɗi, kuma ita ce ta fi buƙatar sa ido. Gidauniyar Gates tana cikin manyan masu ba Hukumar Lafiya ta Duniya kuɗi, ta zarce yawancin gwamnatoci, kuma gudummawarta tana zuwa ne da sharaɗin aikin da za a kashe ta a kai. Babu mai musun alherin da wannan ya haifar. Ƙungiyar Rotary ta fara shirin yaƙi da shan inna a 1985, kafin Majalisar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ƙudurin kawar da cutar a 1988, kuma da gudummawar Rotary da gidauniyoyin Gates da Ɗangote da sarakunan Arewa aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, lokacin da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Amma tambaya tana nan: idan mai bayarwa ne ke zaɓen cutar da za a yaƙa, wa zai tsaya wa asibitin ƙauyen da ba shi da ungozoma ko ruwa? Masu hikima sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gidauniya ba ta tsayawa zaɓe, babu kuma majalisar da za ta kira ta ta yi bayani a gaban waɗanda shawararta ta shafa.

Ko gangamin jama'a ma yana iya kuskure. Ƙungiyar Invisible Children ta Amurka tana cikin waɗanda suka matsa wa majalisar ƙasar ta zartar da dokar yaƙi da 'yan tawayen LRA a 2010, kuma a 2011 Shugaba Obama ya tura sojoji masu ba da shawara kimanin 100 zuwa yankin. Bidiyon da ƙungiyar ta fitar a 2012 ya karaɗe duniya, amma 'yan Yuganda da dama sun ce ya sauƙaƙa labarinsu fiye da kima, ya kuma zo bayan 'yan tawayen sun bar ƙasar da shekaru. An janye sojojin a 2017 ba tare da an kama Joseph Kony ba. Abin kunyar da aka bankaɗo a 2018 game da halayen wasu ma'aikatan Oxfam a Haiti ya ƙara nuna cewa mai neman gwamnati ta yi gaskiya shi ma yana buƙatar mai bincikensa.

Tasirin kuma ba ya dawwama. A 2015 ƙungiyoyin agaji suka yi murnar dokar da ta wajabta wa Birtaniya ware kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigarta don tallafin waje. A 2021 aka rage shi zuwa 0.5, a farkon 2025 kuma aka sanar za a mayar da shi 0.3. A shekarar ce Amurka ta rushe hukumarta ta raya ƙasashe, USAID, kuma cibiyoyin ciyar da yara a Arewa maso Gabas suna cikin waɗanda suka ji a jikinsu. Bashin ma ya sauya kama. Zambiya ta gaza biya a 2020, Gana a 2022, Habasha a 2023, kuma masu bin bashin yanzu sun haɗa da Sin da 'yan kasuwar takardun lamuni, waɗanda zoben mutane a Birmingham ba ya girgiza su. Bashin waje na Najeriya, wanda ya sauko ƙasa da dala biliyan 4 bayan 2006, ya haura biliyan 40.

Wannan hali yana ɗora nauyi a kan ɓangarori uku. Gwamnatin Tarayya ta daina lilo tsakanin miƙa wuya da rufe baki. A watan Satumban 2019 sojoji suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a Arewa maso Gabas, sannan aka ɗage takunkumin bayan 'yan makonni. Sashe na 839 na dokar kamfanoni ta 2020 kuma ya ba hukumar rajista ikon dakatar da amintattun ƙungiya, abin da ya tada hankalin majami'u da masallatai da ƙungiyoyin farar hula. Abin da ya fi dacewa shi ne a wallafa duk yarjejeniyar da wata ma'aikata ta ƙulla da gidauniya ko ƙungiyar waje, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta saurari bahasi a kai a bainar jama'a, duk zargin laifi kuma a kai shi kotu da hujja. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin sanarwar Abuja ta 2001, inda shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, ba ta taɓa cika alƙawarin ba, kuma wannan giɓi ne ya ba mai kuɗin waje damar zaɓa mata abin da za ta sa a gaba.

Ƙungiyoyin waje su bayyana inda kuɗinsu yake fitowa, su kuma cika alƙawarin da aka ɗauka a taron jin ƙai na Istanbul a 2016, na miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida, alƙawarin da wa'adinsa na 2020 ya wuce ba a cika ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bai dace a yi magana da sunan matar da ke sansanin gudun hijira a Maiduguri a zauren Janeba ko New York ba tare da an ji ta bakinta ba.

Nauyi mafi girma yana kan ƙungiyoyin gida: hukumomin zakka da waƙafi, ƙungiyoyin agajin masallatai da majami'u, ƙungiyoyin mata da gidauniyoyin attajirai. Rabon hatsi da biyan kuɗin asibiti aikin lada ne, amma waɗanda suka yi zobe a Birmingham sun gane cewa ruwan bashi na shekara ɗaya yana cinye abin da sadakarsu ta shekaru ba za ta maye ba. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta taƙaita cin bashi ga manyan ayyuka da gina ɗan Adam, Ofishin Kula da Basuka kuma yana wallafa alƙalumansa duk wata uku. Ƙungiyar da ta iya tara dubban mutane don rabon kayan azumi ko na Kirsimeti za ta iya ɗaukar masani ɗaya ya karanta waɗannan takardu, ta je zaman jin ra'ayin jama'a duk lokacin da aka kawo buƙatar sabon rance, ta tambayi ɗan majalisar mazaɓarta aikin da za a yi da kuɗin da kuma wanda zai biya. A 2005 wasu ne suka fito kan titunan ƙasashensu domin Najeriya. A wannan karo babu alamar za su fito, don haka aikin ya koma hannun 'yan ƙasa.