Ra'ayinmu: Takin da ke Cikin Iska

Duk ɗalibin da ya je gida hutun damina ya san kukan da ya fi yawa a bakin iyayenmu, wato tsadar takin zamani. A shekarar 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukiren ya hargitsa kasuwar iskar gas, buhun yuriya ya gagari ƙaramin manomi. Abin mamaki kuwa, sinadarin da ake saye cikin buhun nan, wato naitirojin, shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Ga shi nan bisa kowace gona, amma tsiro ba ya iya cinsa sai an sauya masa kama. Manyan hanyoyi biyu aka sani na yin haka, kuma ya kamata kowane mai ilmi ya san su.

Ta farko ta masana'anta ce. A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna cewa naitirojin da haidirojin suna haɗuwa su zama amoniya, muddin an sa musu wani abu na uku da masana ke kira katalis. Aikin katalis irin na dillali ne: ya haɗa biyun da suka ƙi jituwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa ya fita yadda ya shiga. Dillalin da Haber ya samu ma'adini ne mai wuyar samu, saboda haka Alwin Mittasch na kamfanin BASF ya yi gwaji dubbai kafin ya gano cewa baƙin ƙarfe, in an gauraya shi da wasu sinadarai kaɗan, zai wadatar. A 1913 Carl Bosch ya tsayar da masana'anta ta farko a Oppau. Yau masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya da wannan taki ake noma abincinsu.

Amma fa hanyar tana da tsada. Tana bukatar zafin digiri 400 zuwa 500, da matsi mai tsanani, da iskar gas mai yawa. Shi ya sa duk lokacin da gas ya tashi, taki ya bi shi.

Hanya ta biyu tana ƙarƙashin ƙafarmu. In ka tuge wake ko gyaɗa za ka ga ƙananan ƙullutai a saiwarsu. A 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware ƙwayar bakteriyar da ke zaune cikinsu. Ita ma tana da nata katalis, mai ɗauke da ƙarfe shi ma, yana kuma yin aikin masana'antar nan a ɗumin ƙasa kawai. Ladanta ɗan sukarin da tsiron ke ba ta. Kakanninmu ba su san sunanta ba, amma sun san amfaninta, shi ya sa suke shuka wake tsakanin gero, suke kuma barin gawo tsaye a tsakiyar gona.

Ƙasar Barazil ta ɗauki wannan ilmi da muhimmanci. Tun cikin shekarun 1960 Johanna Döbereiner ta nace cewa a noma waken soya da bakteriya maimakon takin naitirojin. Yau Barazil ce kan gaba a duniya wajen noman waken soya, kuma galibinsa da bakteriyar da ake shafa wa iri ake noma shi. A 2025 wata masaniyar ƙasar, Mariangela Hungria, ta sami Lambar Abinci ta Duniya saboda wannan fanni. A nan gida ma cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da irin wannan garin shafa wa iri mai suna NoduMax.

Kada dai mu ruɗi kanmu. Bakteriya ba za ta ɗauke wa masara bukatar taki gaba ɗaya ba. Kuma abu ce mai rai, zafin rana a rumfar kasuwa yana iya kashe ta kafin ta isa gona. Wadda ta yi kyau a Barazil ba lalle ne ta jure wa ƙasar Samaru ko rairayin Maraɗi ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa tilas a yi binciken a nan, da ƙasarmu, da hannunmu.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'o'i su wadata ɗakunan gwaji da wuta da kayan aiki, domin ƙwayar da aka yi wata shida ana reno, ɗaukewar wuta ta 'yan kwanaki tana iya lalata ta. 'Yan'uwanmu da suka kama aiki a ma'aikatun gona, ku tuna da bincike da malaman gona ran da ake kasafin kuɗin tallafin taki. Mu kuma ɗalibai, na sashen kimiyyar sinadarai da na aikin gona, mu daina zaman 'yan marina, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai neman abin da zai bincika a shekarar ƙarshe, ya tuge wake a gonar gidansu, ya duba saiwar.