Ungozomar Da Aka Daina Koyarwa Ita Ke Karɓar Haihuwar Ƙanwarka

1/ Jama'ar Ikara, Maƙarfi da Kudan, ku matso kusa. Kusan duk sati sai an samu wata nas da ake yayatawa a intanet: ba ta da tausayi, ta daka wa mai naƙuda tsawa, ta yi sakaci. Mu zage ta, mu watse. Amma ba mai tambayar yaushe rabon da a koya wa matar nan sabon abu a aikinta. Maganar da tsawo, ku yi haƙuri ku karanta.

2/ Mu fara da lissafi. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na shekarar 2023, mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya, a ƙasarmu ne. Ka raba a kan kwanakin shekara, mata wajen 200 ke nan kullum.

3/ Abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, hawan jini mai kai wa ga jijjiga, cutar da ke shiga jiki bayan haihuwa, doguwar naƙuda. Duk suna da magani. Kuma a Paki ko Gimi ko Likoro, da ƙarfe biyun dare, wadda ke tsaye a kan mai naƙuda ungozoma ce ko ma'aikaciyar lafiya. Likita yana nesa.

4/ To ga inda gizo ke saƙar. Ilimin karɓar haihuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da aka koya wa ungozoma a makaranta shekara goma da suka wuce, wani an gyara shi, wani an ƙara a kansa. Bari in ba ku misali biyu.

5/ A 2017 wani babban bincike da aka yi a ƙasashe da dama, har da Najeriya, ya nuna cewa allurar tranexamic acid tana rage mutuwar mata masu zubar jini bayan haihuwa, idan an yi ta cikin awa uku da haihuwa. Wadda ta gama makaranta a 2014 ba ta ji wannan a aji ba. In ba a je an koya mata ba, a ina za ta sani?

6/ Na biyu ya fi kusa da mu. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. 'Yar gida ce.

7/ Dabarar ba ta da wuya. Ana shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, jinin ya taru a ciki, a daina kintace da ido. Da ya kai ma'aunin haɗari sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar oxytocin, tranexamic acid, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fita. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100.

8/ Ku lura da yadda aka koyar da ma'aikatan a binciken nan. A asibitocinsu aka yi, da gwaji a aikace, suna maimaitawa tare da abokan aikinsu, an tanadi kayan a wuri guda kusa da gadon haihuwa. Hannu ne ya koya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

9/ Wani zai ce ai akwai tsari. Gaskiya ne. Hukumar kula da aikin nas da ungozoma ta ƙasa ta wajabta ƙarin horo, wanda ake kira MCPDP, kafin a sabunta lasisin aiki. Manufar mai kyau ce, ba na ja da ita. Abin da nake ja da shi, yadda muka mayar da neman ilimi neman takarda.

10/ Lasisi ya kusa ƙarewa, sai a fara neman inda ake bita. A zauna kwana kaɗan a ɗaki, a kalli allo, a ɗauki hoto, a karɓi satifiket. Sau da yawa kuɗin rajista da na mota daga aljihun nas ɗin suke fita. Ta koma bakin aiki, ba ledar awon jini, ba allurar. Takarda ta samu, mai naƙuda ba ta samu komai ba.

11/ Sai kuma bitar otal, wadda ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyi. Kowa a harkar ya san yadda take: in akwai alawus, sunayen da ke hawa takarda sukan zama na masu zaman ofis da na kusa da su. Wadda ke kwana a ɗakin haihuwa ba ta iya tafiya, don in ta tafi sai dai a rufe asibitin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ci kuɗin bita, ina askin?

12/ Yanzu mu zo ɓangaren da aka fi yi wa shiru: lafiyar ƙwaƙwalwar mai ciki da mai jego. WHO ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Ka ƙirga masu jego biyar a unguwarku. Ɗaya daga cikinsu ke nan.

13/ Mu me muke cewa? Ta cika shagwaɓa. Ba ta da godiya, Allah ya ba ta haihuwa tana kuka. Kishi ne ke damunta. In abin ya yi tsanani, a ce iska ce ko an yi mata sammu. Ranar suna a ci tuwo, a yi ɗinki, a ɗora hotuna. Mai jego tana ƙuryar ɗaki ta kwana uku ba barci, ba wanda ya tambaye ta.

14/ Abu uku ne, kuma ungozomar da aka horar tana bambance su. Na farko, 'yar ƙunci da saurin kuka a kwanakin farko, yana wucewa da kansa cikin kamar sati biyu. Na biyu, ciwon damuwa: ya wuce sati biyu, ba barci ko da jariri ya yi barci, ba cin abinci, tana ganin ba ta da amfani, wani lokaci har tana tunanin mutuwa.

15/ Na uku ya fi haɗari, yana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 da suka haihu, yawanci a makonnin farko. Ruɗewa, surutai, jin muryoyi, ganin abin da babu. Wannan na gaggawa ne kamar zubar jini, don ranta da na jaririn suna cikin haɗari. Kuma ana warkewa. A yi addu'a, a kai ta asibiti a ranar. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

16/ Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa a Kaduna. Asibitin koyarwa na ABU yana Shika. Matar da ke wankan jego a ƙauyen Kudan, wa zai ɗauke ta zuwa can don kawai ta yi shiru ta rame? Babu. Amma tana zuwa awo, tana kawo jariri rigakafi. Wadda take gani a can ita ce kaɗai ƙofarta.

17/ Ba sai ungozoma ta zama likitar ƙwaƙwalwa ba. Akwai takardar tambayoyi 10 da aka tsara a Edinburgh tun 1987 don gano ciwon damuwar masu jego, minti kaɗan take ci. A 2022 WHO ta ba da shawarar a riƙa irin wannan tantancewa a cikin duba mai jego, tare da tanadin inda za a tura ta.

18/ An kuma gwada a wuri irin namu. A ƙauyukan Rawalpindi a Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa zama da masu ciki masu ciwon damuwa, ana tattaunawa bisa tsari. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna ciwon ya ragu sosai, har WHO ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. Matan karkara ne, Musulmi, masu zama da surukai. To mu me ya hana mu?

19/ Doka ma ta canza. A farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka a Abuja ba ta tambayar mai jego a Gazara ko tana samun barci. Mutum ke tambaya, kuma sai an koya masa yadda zai tambaya.

20/ Saura ita kanta ungozomar. Ta kwana tsaye, wani lokaci da fitilar waya. Mace ta mutu a hannunta da asuba, dangi sun yi mata caa, ƙarfe takwas ta wanke fuska ta fara awo. Wa ya taɓa zaunar da ita ya ce yaya zuciyarki? Shekara goma a haka, zuciya takan bushe. Ruwa ba ya tsami banza.

21/ Kar wani ya juya mini magana. Marin mai naƙuda zalunci ne, zaginta zalunci ne, wadda ta yi a hukunta ta. Wani bincike na 2019 a Najeriya, Ghana, Gini da Myanmar ya gano sama da kashi ɗaya cikin uku na matan da aka bibiya sun ga wulaƙanci a wajen haihuwa. Abin da ya kai haka yawa ya wuce halin mutum ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

22/ Kuma suna tafiya. A 2024 magatakardan hukumarsu ya ce nas-nas wajen 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ingila da Saudiyya suna kwashe su, birane suna kwashe na ƙauye. Wadda ta tsaya a ƙaramin asibitin mazaɓa ta yi mana halacci. Mafi ƙarancin abin da za mu saka mata da shi, kar mu bar iliminta ya tsufa.

23/ Abin takaici, ba mu rasa tushe ba. Kwalejin kiwon lafiya da aka sani da sunan Shehu Idris tana nan cikin Maƙarfi, ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya. Zariya da malamanta tana kusa. Jihar Kaduna ta ɗauki tsarin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255. Gini ya samu. Gini dai ba ya tsayar da jini.

24/ Ga abin da ya kamata mu nema. Na ɗaya, a kai horon inda ake aikin. Gajere, awa biyu ko uku, a maimaita duk wata ko biyu, da gwaji a kan mutum-mutumin koyo, kamar yadda aka yi a binciken da na faɗa. Ƙwararriyar ungozoma ɗaya ta riƙa zagaya asibitoci kaɗan a kowace ƙaramar hukuma.

25/ Na biyu, gwamnati ta biya. Ma'aikaciyar gwamnati ce, jama'a take yi wa aiki. Kuma wannan horon a lissafa mata shi wajen sabunta lasisi. Na uku, kar a koyar da abin da ba a kawo kayansa ba. Leda, allurai, maganin jijjiga, na'urar awon hawan jini, su iso rana ɗaya da malamar.

26/ Na huɗu, lafiyar ƙwaƙwalwa ta shiga cikin awo da duba mai jego, da Hausa, da lambar wanda za a kira in an ga alamar haɗari. Na biyar, duk lokacin da aka rasa uwa ko jariri, a zauna a duba abin da ya faru don a gyara, a kuma saurari ma'aikatan da abin ya faru a hannunsu. Tsoron a ɗora musu laifi shi ke sa a ɓoye gaskiya.

27/ Kuɗi fa? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Akwai kwamitin ci-gaban mazaɓa da ya kamata ya sa ido a kan asibitin unguwa. Kai da ke karanta wannan, ka san ko mutum ɗaya a kwamitin mazaɓarku?

28/ Samari da 'yan mata, ga aikinku. Ikara, Maƙarfi da Kudan kowacce tana da shugaban ƙaramar hukuma, kansiloli, da ɗan majalisar jiha. Ku tambaye su a fili, nan inda suke ɗora hotunan buɗe gini: ungozoma nawa ne a asibitin mazaɓarmu? Yaushe aka yi musu horo na ƙarshe? A kan me? Wa ya je?

29/ Magidanta da surukai, ku ma akwai naku. In an gama suna baƙi sun watse, ka zauna ka tambayi matarka ko tana barci, ko tana jin daɗin ranta. In ta ce a'a har sati biyu, ka raka ta asibiti ka faɗa wa ungozoma da bakinka. In ta fara ruɗewa, kar ka jira gobe.

30/ Nas-nas da ungozomomin yankin nan, filin naku ne. Ku faɗa mana shekarar da aka yi muku horo na ƙarshe da abin da kuka fi buƙatar a koya muku, ba sai kun ambaci sunan asibiti ba. Sauran jama'a ku tura wannan zuwa ga kansilanku. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.