Kada Mu Ci Moriyar Ganga Mu Ya da Kwaurenta

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so in jawo hankalinku ga wani abu da ya ke salwanta a garin Gombe ba wanda ya ce uffan, watau tsohon keken rubutu, wanda a ke kira tafireta. Tun da kwamfuta ta shiga ofisoshi aka ture shi lungu, ƙura ta rufe shi, daga nan sai 'yan gwangwan su ɗora shi bisa sikeli su saye a kilo. A ganina wannan babbar hasara ce.

Kamfanin Remington na Amurka ya fara sayar da irin wannan keke a 1874. A 2012 kamfanin Brother ya ƙera na ƙarshe a Birtaniya, sai ya miƙa shi gidan ajiye kayan tarihin kimiyya na Landan. To, in maƙeransa sun ga ya cancanci ajiya, ina ga mu da muka ci moriyarsa?

Tun daga 1919 da aka maido hedkwatar Gombe nan Doma, har ta zama babban birnin jiha a 1996, da wannan keke akawuna su ke buga takardun En'e, da sammacin kotu, da tambayoyin jarrabawa. Har tarihin rubutun bokonmu yana jikinsa. Yawancin kekunan ba su da ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka sai akawu ya gama bugu, ya ɗauki alƙalami ya bi layi-layi yana lanƙwasa musu kai, don kada ƙafa ta zama kafa.

Akwai kuma darasi gare mu masu koyon aikin malanta. Abin da ka buga a tafireta ya zauna, shafe shi sai da wahala. Dole mutum ya tsara maganarsa a zuci kafin ya sa yatsa, wannan kuwa shi ne halin da mu ke fama mu koya wa yara.

Watakila wani ya ce ina so a koma baya ne. Ko kusa. Kwamfuta ta fi shi sauri, ba gardama. Roƙona ɗaya ne: makarantarmu ta nemi guda uku ko huɗu, irin su Imperial ko Olympia, wurin tsofaffin ma'aikata. A goge su da buroshi, a ɗiga musu man keken ɗinki kaɗan, a jera a laburare. Kowanne a rubuta masa ofishin da ya yi aiki da shekarunsa. Sa'an nan a gayyato wani dattijon akawu ya zauna ya nuna mana yadda a ke sa ribin da takardar kabon, tun masu sanin aikin suna da rai.

Wanda ya ke da irin wannan keke a gida, don Allah ya yi magana da mai kula da laburare kafin ya kira ɗan gwangwan.