Tabon Tiyatar Rage Tumbi: Mu Daina Goge Shi da Alƙalami



A wasu labaranmu na yanzu, tauraruwa za ta haifi 'ya'ya uku, a yi mata tiyatar rage tumbi, bayan sati biyu ta dawo gida cikinta sumul kamar wuƙa ba ta taɓa shi ba. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma yana da illa, domin cikin masu karanta mu akwai mai tara kuɗin irin wannan aiki, kuma da labarinmu take auna abin da za ta samu.

Likita yakan yanka ƙasan mara, galibi daga ƙugu zuwa ƙugu, ya cire fatar da ta saki ya ɗinke, sau da yawa har da wani ɗinkin zagaye da cibiya. Tabon ba ya ɓacewa. A watannin farko yakan yi duhu da tauri, sannan ya lafa sannu a hankali cikin wata 12 zuwa 18.

Abin da ke rage shi haƙuri ne da bin umarnin likita: kada a ɗaga kaya mai nauyi har kusan sati 6, a guji taba sigari domin tana jinkirta warkewa, a kare wurin daga rana. Idan ciwon ya rufe, ana liƙa faifan silikon ko a shafa man silikon na tsawon watanni. Mu masu baƙar fata mun fi yin tabon nan da ke tasowa ya zarce bakin ciwo, wanda ake kira kiloid. Shi kam sai asibiti, inda akan yi allura a cikin tabon don ya kwanta. Man bilicin ba magani ba ne, wasunsa ma sirantar da fata suke yi.

Wani zai ce ai labari nishaɗi ne, ba darasin asibiti ba. Haka ne, amma tabon ma labari ne. Matar da take kashe fitila don kada maigida ya gani, da ƙawar da ta kawo mata haɗin da ya ƙone mata fata, sun ishe mu babi uku.

Don haka kafin mu kai tauraruwa ɗakin tiyata, mu tambayi likita ko nas. Idan ta fito, mu bar mata tabonta.

Allah Ya ƙara mana basira.