Na'ura Ba Ta Taɓa Zaman Makoki Ba

Malami yakan sa ɗalibai su yi rubutu a kan mutuwa cikin Littafin Ayuba. Waɗansu sai su miƙa aikin ga ChatGPT, wanda ya fito a 2022, su kwafe abin da ya ba su. Rubutun sumul, amma ba hawaye a ciki.

Wannan sata ce, kuma kansa ɗalibin ya cuta. Ayuba ya rasa 'ya'ya 10 rana ɗaya. Abokansa uku suka zauna tare da shi kwana 7, ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki da shiryayyun amsoshi, Ubangiji ya tsauta musu. Na'ura kuwa shiryayyun amsoshi kaɗai gare ta.

Masu goyon bayanta suna cewa kayan aiki ce kamar ƙamus. Amma ƙamus ba ya tunani a madadin mai shi. Gobe ɗalibin nan zai zama fasto, ya tsaya bakin kabari a Maraɗi ko Garwa, gwauruwa da marayu suna dubansa. Me zai faɗa musu? Gara shafi guda mai kurakurai, muddin daga zuciyarsa ya fito.