Kura da Shan Bugu: Kasuwar Daktocin Adabi a Amurka

Duk watan Janairu, dubban malaman adabi da harsuna kan yi dafifi a wani babban birni na Amurka, wani sa'in na Kanada, domin taron shekara-shekara na ƙungiyarsu da aka fi sani da MLA. Ƙungiyar ta tsufa, tun 1883 aka kafa ta. A cikin kwana huɗu akan yi ɗaruruwan zama, kowane zama mutum uku ko huɗu su karanta maƙala ta minti ashirin, a tafa, a watse. Wanda ya hango daga nesa zai ce ilimi ya kai inda ya kai. Mu kuwa cewa muke wannan taro rufin kwano ne a kan ginin da gara ta cinye, kuma manyan da ke zaune a inuwarsa sun fi kowa sanin haka.

Mu fara da yadda ake zama malamin adabin Amurka a can. Matashi ya gama digirin farko, ya shiga karatun digirin digirgir, ya shafe shekara shida ko bakwai, wani ma fiye. A tsawon lokacin nan shi ke koyar da 'yan aji ɗaya darasin rubutu, shi ke duba takardunsu, a kan ɗan alawus da kyar yake biyan haya. Abin da ke riƙe da shi alkawari ne guda: in ya gama zai samu kujerar koyarwa da ke kai mutum ga aikin dindindin, wanda ba a korar mai shi sai da babban dalili.

To ina kujerun? Jerin guraben aikin da MLA ke fitarwa ya nuna wajen 1,800 a fannin Ingilishi a zangon 2007 zuwa 2008. Bayan shekara goma adadin bai kai 900 ba, kuma ba dukkansu ne ke kai wa ga aikin dindindin ba. Sassan adabi ba su rage ɗaukar ɗalibai daidai da wannan faɗuwa ba. Dalili a fili yake. Ɗalibin digirgir ma'aikaci ne mai araha, kuma farfesa ya fi son koyar da ƙwararru goma a kan littafin da yake ƙauna, da ya tsaya gyara wa yara ɗari jimla. Mu da ke rubuta manhajar kwamfuta mun sani, manhajar da ta shekara da shekaru tana ba da amsa iri ɗaya ba lalacewa ta yi ba, haka aka gina ta.

Waɗanda suka rasa kujera ba gida suke komawa ba. Jami'o'in nan dai su ke sake ɗaukar su a matsayin malaman wucin gadi, ana biyan su a kan kowane kwas, da yawansu dala dubu uku zuwa huɗu na zango guda, sau da yawa ba inshorar lafiya, ba fansho, ba tabbacin za a kira su zango mai zuwa. A yau kusan kashi biyu cikin uku na masu koyarwa a manyan makarantun Amurka ba sa kan layin aikin dindindin. A 2013 wata malama mai suna Margaret Mary Vojtko ta rasu tana da shekara 83, bayan ta koyar da Faransanci shekara 25 a Jami'ar Duquesne da ke Pittsburgh a kan irin wannan kwantiragi. Tana fama da ciwon daji aka ƙi sabunta mata aiki. Labarinta ya girgiza jaridu na ɗan lokaci, sannan aka koma tara maƙalu.

Shekaru da dama taron MLA shi ne babbar kasuwar neman aiki a fannin. Har zuwa 'yan shekarun baya ana yin sa ne a ƙarshen Disamba, kafin a mai da shi Janairu a 2011. Mai neman aiki, wanda ya fi kowa talauci a zauren, shi zai biya kuɗin jirgi da na otal da na rajista, ya sayi kwat, ya je ya ƙwanƙwasa ɗakin otal inda farfesoshi ke jiran sa don ganawar rabin awa. Wani ya ci bashi ya zo saboda ganawa ɗaya tak. Sai da hira ta bidiyo ta zama ruwan dare kafin wannan al'ada ta ja baya. Na'ura ce ta kawo sauƙin da tausayi ya kasa kawowa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne irin maganar da ake yi a zaurukan nan. Babu fannin da ya kai nazarin adabin Amurka yawan ambaton bauta da danniya da haƙƙin ma'aikaci. A hau mumbari a yi sharhi mai zafi a kan gonakin audugar kudancin Amurka, alhali wadda ke koyar da ajin mai jawabin a ranar ba ta da kuɗin ganin likita. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Marubutan da ake cin abinci da sunansu ma irin wannan rayuwa suka yi. Herman Melville, mai littafin Moby-Dick na 1851, ya shekara 19 yana aikin kwastan a New York, ya mutu a 1891 kusan an manta da shi. Zora Neale Hurston, mai Their Eyes Were Watching God na 1937, ta yi aikatau da koyarwar wucin gadi a ƙarshen rayuwarta, ta rasu a 1960 a gidan kula da gajiyayyu a Florida, aka binne ta ba ko alama a kabari. Marubuciya Alice Walker ce ta je neman kabarin a 1973 ta kafa masa dutse. Yau an gina kujerun farfesa a kan littattafan nan. Da Hurston za ta dawo, ai layin 'yan kwantiragi za a nuna mata.

Za a ce mana muna zagin ilimi. Ba haka ba ne. Mun san malamin jami'a ne, Henry Louis Gates, ya tono littafin Harriet Wilson na 1859 ya sake fito da shi a 1983. Mun san Toni Morrison ta sauya yadda ake karanta adabin fararen Amurka da laccocinta da aka buga a 1992. Saboda aikin yana da daraja ne muke ƙin a riƙa yin sa da gumin waɗanda ba a biya. Za a kuma ce ba wanda aka tilasta wa shiga. Amma yaro ɗan shekara 22 da malaminsa ya dafa kafaɗarsa ya ce kai na daban ne, aka kuma ɓoye masa inda 'yan ajin baya suka ƙare, romon baka aka ba shi, ba zaɓi ba.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar maƙala. Kowane sashe ya wallafa inda duk wanda ya yaye a shekara goma da suka wuce yake aiki. Ya ɗauki ɗalibai gwargwadon abin da zai iya ciyarwa da samar wa makoma. A biya malamin wucin gadi daidai da aikinsa, wanda ba shi da albashi kuma kada a karɓi sisinsa a ƙofar taro. Su ma ma'aikatan sun gano cewa roƙo ba ya aiki. A ƙarshen 2022 wajen mutum 48,000, akasarinsu ɗalibai masu koyarwa da masu bincike, suka tafi yajin aiki a Jami'ar Kalifoniya na kusan mako shida, sai ga ƙarin albashi ya fito.

Ƙannenmu da ke mafarkin digirgir a adabi a Amurka, ba mu ce kada ku je ba. Ku tambayi alƙaluma kafin ku ɗaure kaya: mutum nawa suka gama, nawa suka samu aiki, alawus nawa ne, haya nawa ce. Jami'o'inmu kuma, da suka riga suka koyi ƙirga maƙalu da takardun shaidar halartar taro kafin ƙarin girma, su duba inda wannan hanya ta kai masu ita. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.